Baƙar Jakar Shamsu

Salamu alaikum, ku masu danne-dannen waya. Ni ce Hajo ta Makarfi, mai mazarƙwaila, kakar Wasila. Ni nake faɗa, Ummuhani matar maƙwabcina ke rubutawa, don ni ko alif na tsinta a hanya sai in ɗauka tsinken sakace ne. Ta ce min wasu cikinku sun rubuto wai tsohuwar nan ba ta da imani. To ku gyara zama, yau za ku faɗa da hujja. Ummuhani, rubuta yadda ya fito daga bakina, kar ki gyara min.

Wasila 'yar ɗana Iliyasu ce. Ya rasu tana goye, uwarta ta yi wani auren a Paki, ni na raine ta da kunu da faɗa. Yanzu gwiwoyina sun mutu. Da safe ita ke kama ni ta fito da ni ƙofar ɗaki, ta zaunar da ni kan 'yar katifata, sandata a dama, faifan mazarƙwaila a hagu. Nan nake wuni. Ƙafa ta tafi, amma ido yana nan, kuma duk abin da ya gifta tsakar gidan nan sai ya bi ta gabana.

Farkon damina aka buɗe wani wajen koyon kwamfuta a Ikara, ta nace sai ta je. Kawunta Inuwa ya samo mata wata tsohuwar kwamfuta a Zariya, gefenta ɗaure da salatif, in ta ɗau zafi har ƙugi take kamar injin markaɗe. Sharaɗin wajen shi ne kowa ya gina abinsa da hannunsa. Wanda nasa ya tsaya ranar ƙarshe, a tafi da shi Kaduna a ƙara koya masa, a ba shi aiki. Kaduna ɗin nan ita ce tuwon Wasila, ita ce miyarta. Ko wanke-wanke take, Kaduna take yi wa waƙa.

Nata aikin a kan masu matsar rake ta yi shi. Wai mai saye daga Kano ko Zariya ya buɗe shafi, ya ga fuskar mai mazarƙwaila, ya ga kayansa, ya ga lambar wayarsa.

"Iya, kamar shago ne," in ji ta. "Gaba akwai kanta inda ake kallon kaya, baya akwai rumbu inda kayan suke ajiye. Yanzu duk a cikin kwamfutata suke, ba mai gani sai ni. In ya tsaya da ƙafarsa a nan gida, sannan a ɗora shi duniya ta gani."

"To ni a wane lungun kika ajiye ni?"

"Ke ai sai kin yi wanka tukuna, kar ki kore min masu saye."

Na kai mata sanda, ta goce tana dariya.

Yarinyar nan ta sha hanya. Dandamisa, Likoro, har rugagen da ban taɓa jin sunansu ba, a bayan mashin, hijabinta ruwan ƙasa duk ya koɗe. Malaminsu, Malam Ashafa, ya ce ba a son sunan ƙarya, don masu dubawa za su kira lambobin su ji ko da gaske akwai mutum. Ta ɗauki hoto, ta dawo ta zuba a rumbun, ta goge na wayarta saboda wayar ƙarama ce, ba ta da wuri.

A motar Ikara ta haɗu da Shamsuddeen. Ɗan Kudan ne, ya yi karatun kwamfuta a Zariya, bai samu aiki ba. Yaro ne tsaf, ba zan yi masa ƙarya ba. Shadda ruwan toka, hula a karye gefe guda, turarensa na riga shi sallama. Kafaɗarsa kullum da baƙar jaka. Ranar da ya fara zuwa ya durƙusa har ƙasa.

"Iya, mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki? Ya kasuwa?"

"Lafiya lau. Ɗan gidan wa ne a Kudan?"

"Jikan Hajiya Mero ne, ta bakin kasuwa."

Na ce, "Allah sarki."

Wannan "Allah sarki" ɗin, da ya san abin da ke ƙarƙashinsa, da bai ƙarasa shan ruwan da aka ba shi ba.

Mero ƙawata ce tun muna 'yan mata a Likoro. Kwano ɗaya muke ci. Haihuwarta ta fari ni na yi mata zaman jego, ni na dafa ruwan wankanta. Ranar sadakar ukun Iliyasu, ina zaune cikin mata idona bai bushe ba, aka ce min an ga Mero ta wuce ta Makarfi a mota, hannu jajir da lalle, za ta biki Ikara. Ba ta tsaya ba. Saƙo ta aiko a bakin wani direba, wai a ce da Hajo Allah ya ji ƙan rai. Ban yi kuka ba, ban yi zagi ba. Abin da na ce kawai shi ne, "To, na riƙe."

Ni haka Allah ya yi ni. Wadda ta kawo min ruwan zafi ina ciwo, na riƙe. Wadda ta ɗauke kai a gidan suna, na riƙe. Ba na mantuwa, ba na gaggawa.

Sai ga jikan Mero da ƙafarsa a tsakar gidana. Na ce ba zance a zaure, su zauna nan gindin mangwaro inda zan gan su. Wasila ta ɗauka tsaron mutunci ne.

Shi ya haɗa mata rumbun tun farko. Ya ce abin da wuya, ta bar masa. Ya nuna mata wani fayil ya ce wannan kar ta kuskura ta buɗe, in ta taɓa komai zai rushe. Ya kuma ce kar Malam Ashafa ya ji, don in aka gane hannun wani a aikin za a kore ta. Ta ce to.

Daga nan masifa ta fara. In yana nan, shafi ya buɗe tar, ga su Gambo na Dandamisa suna washe baki kusa da tukunyar rake. Ya tafi, ta kunna, sai allo ya yi fari fat, da jan rubutu a sama. Na ce me jan yake cewa? Ta ce wai an ƙwanƙwasa rumbu ba a amsa ba.

Ba abin da ba ta yi ba. Ta kashe ta kunna. Ta goge ta sake rubutawa. Ta ce ko ƙofar da abin ke bi ce wani ya tare, ta canza lambar ƙofar. Ta ce ko kalmar sirri ce ta yi kuskure, ta bi ta harafi-harafi da yatsa. Ta ƙarar da datarta wajen kallon wani Ba'indiye yana ta surutu a waya, har na iya gaisuwarsa. Tuwo ya ƙone mata ba sau ɗaya ba. Ƙarshe sai ta ɗau waya ta danna, ta kai baki.

"Yaya Shamsu, don Allah ya sake tsayawa. Wallahi ban taɓa komai ba."

Jim kaɗan nasa saƙon ya shigo, ta sa a kunne, amma kunnena ya fi nata.

"Haba gimbiya, kuka kuma? Ba ga ni ba? Gobe bayan la'asar ina tafe. Ki dai bar fayil ɗin nan yadda yake."

Gobe ya zo. Ya kifa turmi a bayansa, ya ɗora jakar, ya zuge ta, ya ɗan ɗaga murfin tasa kwamfutar, wai yana duba saƙo. Ya ce ta haɗa da datar wayarsa tunda tata ta ƙare. Ya ce ta kawo masa ruwa. Kafin ta dawo ya taɓa nan ya taɓa can.

"Gwada yanzu."

Tar! Sai ta dube shi kamar shi ya rataye wata a sama.

"Yaya Shamsu, in ba kai ba ya zan yi?"

"Shi ya sa nake nan ai."

Ya juyo gare ni. "Iya, kin ga mijin da ya dace da ke, ba ki yi kwalliya ba."

Na ce, "Ina tara maka ita ne."

Wata ranar ya zo hannu rabbana, wai yayansa ya ari jakar. Ranar ya yi danne-danne har gumi ya jiƙa wuyan shaddarsa, allo na nan fari. Ya ce yau matsalar daga sabis ce. Da ya dawo da jaka, kafin ruwan sha ya iso abu ya tashi.

Ni ban san kwamfuta ba. Amma na yi shekaru ina kallon masu awo a kasuwa, na san mai hannu ɗaya a mudu ɗaya a bayan zane. Na ƙara zuba ido. Jaka a buɗe, abu ya yi. Jaka a rufe, abu ya mutu. Na ce a raina, yarinya, rumbunki ba ya gidanki.

Yanzu za ku ce me ya hana ni kiran ta ɗaki in gaya mata. Ummuhani ma ta ajiye waya tana kallona. Rubuta, malama. Da na faɗa a ɗaki, da sun yi 'yar rigimarsu sun shirya, ko su rabu shiru, Mero na Kudan tana cin goro ba ta san an yi ba. Ni kuwa Allah ya kawo min abin da na daɗe ina jira har tsakar gida, a cikin baƙar jaka. Sai in zubar?

Aka yi gwajin farko a Ikara. Shamsu ya ce zai raka ta, da safe ya aiko wai mashin ɗinsa ya ƙi tashi. Ta tsaya gaban aji ta kunna, allo ya yi fari. Ta dawo ido a kumbure, ta ce har wani yaro ya ce ai ta gina shafin farar ƙasa, ajin ya fashe da dariya. Malam Ashafa ya ce saura dama ɗaya, ranar ƙarshe.

Ta kwantar da kai a cinyata tana shessheka. Na shafa mata kai, na ce ta yi haƙuri. Maganar jaka kuwa na bar ta a cikina.

A makon ne Shamsu ya aiko cewa iyayensa mata za su kawo kayan gaisuwa. Na ce da Inuwa ya gaya musu ni tsohuwa ce, ba na karɓar kaya a hannun yara. In da gaske suke, Mero ta zo da kanta. Na kuma zaɓi ranar da kaina, jajibirin ranar ƙarshen Wasila, don na san za ta roƙe shi ya zo da jaka. Haka kuwa aka yi. Ina ji tana cewa, "Don girman Allah ka taho da kayan aikinka, gobe ce fa."

Da hantsi suka iso, shi ya tuƙo su ya tsaya a waje. Wasila ta sa atamfarta shuɗiya mai zanen ganye, ta sha kitso, ta shimfiɗa sababbin tabarmi. Na sa an kira matan unguwa, har da waɗanda ba na shiri da su. Irin wannan rana shaida ake so, ba masoya ba.

Mero ta shigo ƙarshe. Ta yi ƙiba, leshi fari ƙal, haƙorin Makka na walƙiya, hannu da lalle kamar wancan karon.

"Hajo! Ashe rai kan ga rai?"

"Ga shi kuwa, Mero. Kun zo lafiya? Ya hanya? Ya mutan Kudan?"

"Lafiya lau. Ya ƙafa?"

"Ƙafa ta gode Allah. Ta je duk inda ya kamata ta je kafin ta zauna."

Ta yi dariya, ba ta ji komai ba. Aka ajiye goro da alewa da turamen atamfa, aka sha fura, aka yi barkwanci. Da na ga kowa ya saki jiki, na ce, "Wasila, ɗauko abin naki ki nuna wa surukanki, su san ba zaman banza za su ɗauka ba."

Ta zaro ido. "Iya, ai kin san..."

"Ɗauko."

Ta ɗauko, ta kunna. Fari fat, da jan rubutunsa. Wata ƙanwar uban Shamsu ta leƙa ta ce, "Shi ke nan aikin?"

Na ce, "A'a, ai ɗanku ke tashinsa. A kira shi, ya shigo da jakarsa."

Ya shigo yana sunkuyar da kai, ya gaida kowa. Na miƙa sanda na saƙalo igiyar jakar na jawo ta gabana.

"Gyara mata. Jakar ta huta a nan."

"Iya, ai akwai abin da zan duba a ciki."

"Nata ya lalace ko naka?"

Mata suka yi dariya. Ya durƙusa gaban kwamfutar Wasila, ya danna, ya goge, ya share goshi. Mero ta ce, "Kai Shamsu, yi mana sauri mana, kai da ka yi karatun abin." Allo bai motsa ba.

Na ce, "To ungo jakarka. Amma nan za ka buɗe ta, a gabana, ba a bayanka ba."

Ya dube ni. A nan ya gane. Ba yadda zai yi, idon mata ya yi masa yawa. Ya fito da kwamfutarsa ya buɗe, ya kunna datar wayarsa, ya taɓa ta Wasila. Sai ga Gambo na Dandamisa yana washe baki.

Mata suka ce, "Ma sha Allah!"

Na ɗaga sandata, na ɗora kan murfin tasa, na danna har ya rufe.

"Wasila, sake taɓa naki."

Ta taɓa. Fari.

Na sa ƙugiyar sandar na ɗaga murfin. "Jira kaɗan. To, taɓa."

Gambo ya dawo.

Na rufe. Fari. Na buɗe. Gambo. Wasila ta bar kallon allo, shi take kallo.

"Yaya Shamsu, rumbuna a taka yake?"

"Wasila, tsaya ki ji. Taki ba ta da ƙarfi, abin ya ƙi zama a kanta, shi ne na ce bari in ajiye a tawa kafin..."

"Kafin me? Ranar gwaji ka san ba zai tashi ba, ka bar ni na tafi?"

"Wallahi yau na yi niyyar juye miki komai."

Na ce, "Yau ɗin da ake jira tun masara na goyo."

Sai ya fashe. "To in ta tafi Kaduna wa zai ƙara ganinta? Ana kai ta can shi ke nan, wani mai mota zai ɗauke ta. Ni me nake da shi? Wannan ɗin kaɗai ke sa ta kira ni!"

Wata cikin matan unguwa ta ce, "Innalillahi." Wata ta ce, "Tun ba a ɗaura ba ya ɗaure ta."

Na juya wajen Mero. Na daɗe ina tauna maganar nan, ta yi laushi.

"Kin gani, Mero? Ban yi mamaki ba. Gidanku ne. Ku ci a kwanon mutum, ranar da yake neman ku ku ce mashin ya lalace. Ke ma ranar ukun Iliyasu ta ƙofar garin nan kika wuce da lallenki, kika aiko min direba. Yau ga shi kin zo. Kin tako har tsakar gidana, kin zauna a tabarmata, kuma gaban mutane kin ga abin da kika haifa. Kwashe goronki."

Na zaci za ta yi kuka, ko ta rantse, ko ta kawo uzuri. Ta gyara mayafi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Iliyasu? Au, wai shi ne wannan duk? Hajo, ni wallahi na ma manta a wace shekara ya rasu."

Ta miƙe. "Shamsu, ɗauki jakarka mu tafi."

Wasila ta yi wuf ta riƙe igiyar. "Hajiya, don Allah, aikina na ciki. Minti kaɗan ne, ya juye min."

Mero ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai ɓare gyaɗa. "'Yar nan, kakarki ta ce mu kwashe kayanmu. Jakar nan kayanmu ce."

Suka fita. Matan unguwa suka bi bayansu da guntun goro a baki, kowa na sauri ta kai labari.

Bayan azahar saƙonsa ya shigo. Wannan karon ba ta sa a kunne ba, ta ajiye wayar a gabana ta buɗe murya.

"Wasila, Hajiya ta karɓe jakar ta kulle a ɗakinta. Ta ce in kuna son abin da ke ciki, kakarki ta zo Kudan da kanta ta ba ta haƙuri gaban matan da aka tozarta ta. In ba haka ba ko ni ba zan ƙara taɓa ta ba. Ki yafe min."

Wasila ta shiga ɗaki, ta fito da takalmana da mayafina na zuwa unguwa, ta ajiye a gabana. Ta durƙusa.

"Iya, Kawu Inuwa ya samo mota. Za a ɗauke ki har ciki, ba za ki taka ƙasa ba. Kalma ɗaya ce. Ki ce ta yi haƙuri, ko ba har zuci ba. Kudan ce fa, ba Makka ba, kafin magariba mun dawo."

"Ɗauke takalman nan."

"Iya, wahalata ce ta wata da watanni. Mutanen nan na bi su gona-gona."

"Matar da ta manta shekarar da ubanki ya mutu? Ita zan durƙusa wa?"

"Ubana ya mutu, Iya. Ni ina raye."

Na ce, "Ɗauke takalman nan, na ce."

Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta kwashe su ta mayar, ta jera su daidai inda suke zama. Ta ɗauko kwamfutarta ta zauna gindin mangwaro, ta buɗe fayil ɗin da aka hana ta. Ina kallon bakinta yana motsi. Can ta yi wata irin dariya da ban so ba.

"Layi ɗaya ne," ta ce, ba da ni take ba. "Inda ya kamata a rubuta lokalhos, a ce rumbu na nan gida, lambar kwamfutarsa ya sa."

Ta goge, ta rubuta, ta yi 'yan danne-danne. Ashe rumbun da ya ce ya ƙi zama a tata yana nan zaune tun farko, ba a taɓa zuba masa komai ba. Jan rubutu ya ɓace. Ta juyo min da allon. Ga kanta, ga wurin hoto, ga wurin suna, komai a jere tsaf.

"Ya tashi, Iya. Da hannuna. Ba kowa a ciki."

Ta bi unguwa da yammar nan tana neman masu matsa na kusa, ta samo mutum huɗu. Da su ta tafi Ikara. Ta ce masu dubawa sun yaba yadda abin ke tafiya, sannan ɗaya ya ce, duk watannin nan mutum huɗu? Malam Ashafa ya roƙa mata, aka ce sharaɗi sharaɗi ne, huɗu ba su isa ba. Wata Farida mai shafin ɗinki aka ɗauka a gurbin.

Ta dawo da la'asar. Ba kuka. Ta cire hijabi ta ninke, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba, har da tambayar ƙafa. Sannan ta ce, "Iya, tambaya ɗaya. Tun yaushe kika sani?"

Ni ba na ƙarya, ko a kasuwa. "Tun ranar da ya zo ba jaka."

"Kafin gwajin farko ke nan."

"Kafinsa."

"Ranar da na yi kuka a cinyarki kin sani."

"Na sani."

"Da kin gaya min a ɗaki, da na lallaɓa shi ya juye min kayana, sannan ki yi duk abin da za ki yi da kakarsa."

"Da ba ta zo ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta dube ni da idon da ban taɓa gani a fuskarta ba, amma na san shi, don na sha ganinsa a madubi.

"To," ta ce. "Na riƙe."

Ku da kuke cewa ba ni da imani, ni har yanzu ban ga inda na yi ƙarya ba. Yaron macuci ne, na tona shi. Kakarsa ta ci amanata, na rama. A duk zuri'ata, 'ya'ya da jikoki, na sha cewa ba wanda ya gado ni. Ashe tana gabana tana min wanke-wanke.

Yau da safe ta kama ni ta fito da ni ƙofar ɗaki kamar kullum. Ta gyara min katifa, ta ajiye faifan mazarƙwaila. Sandar ce ta jingine can jikin mangwaro. Ta kawo kunu da zafinsa, tsamiya daidai, suga daidai, a kofin da nake so. Ta durƙusa ta ce, "Ga kunu, Iya." Ta ajiye shi a ƙasa, ta ɗau hijabinta ta fita.

Na miƙa hannu. Na ƙara miƙawa har kafaɗata ta yi ƙara. Tsakanin yatsana da kofin bai fi faɗin tafin hannu ba.

Yarinyar ta auna.

Yana nan inda ta ajiye shi har Ummuhani ta shigo, ya yi sanyi, ƙuda biyu a ciki. Ke kuma daina kallona haka, miƙo min sandata.